Rabin Bindiga a Farantina

Ni ba mai fita ba ce. Tun da maigidana ya kawo ni Guangzhou, duniyata ba ta wuce ɗakunanmu na Panyu ba, sai kasuwar kayan miya da ke bayan layinmu, sai kuma unguwar Xiaobei in an yi haihuwa ko rasuwa a cikin 'yan uwa. Matan 'yan kasuwa har tsiya suke min, wai ni da firij ɗin gidan ba a san wanda ya fi wani zama wuri ɗaya ba. Ban taɓa damuwa ba. Ina da tagata, ina da tukunyata, kuma duk da karatuna bai yi nisa ba, Allah Ya ba ni kunne. Daga kicin nake gane takun kowa a benenmu.

Shi kuwa maigidan ƙafarsa ba ta zama. Aikinsa haɗa wa 'yan kasuwar Kano kayansu, ya tara a sito, ya loda a kwantena. Ranar Juma'a yana Masallacin Huaisheng, ranar Lahadi kuma yana filin harbin fenti. Da ya fara ba ni labarin wasan nan na ɗauka zolayata yake. Wai manyan mutane masu iyali su rufe fuska da abin kariya, su kasu gida biyu, su dinga laɓewa a bayan wasu manyan buhunan iska suna harbin juna da ƙwallayen fenti masu girman ɗinya. Wanda fenti ya fashe a jikinsa ya fita, sai wani zagayen.

Na ce, "Alhaji, da gemunka?"

Ya ce, "Hajiya, gemun ai yana cikin abin rufe fuska. Babu mai ganinsa."

Yakan dawo da yamma yana ɗingishi yana dariya, ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya cika min kunne da labarin wanda ya harba da wanda ya harbe shi. Bindigar tasa ba dunƙule ya saye ta ba. Da kaɗan-kaɗan ya haɗa ta, yau ya canja baki, gobe ya canja mariƙi, har ya sa aka rina ƙarfen ya koma ruwan goro. Ni dai a waya kawai nake ganinta, don dokar ƙasar nan ba ta wasa da duk abin da ya yi kama da bindiga. A filin take kwana cikin akwatin ƙarfe, mukullin yana hannun wani tsohon ɗan Chana mai kula da wurin, wanda kowa ke kira lawban, wato uban gida.

Sai wata rana ƙofar kwantena ta datse masa hannun dama. Ba zan tsaya ba da labarin asibiti ba. Hannun bai salwanta ba, alhamdu lillahi. Amma yatsansa na nuni da na tsakiya suka sandare. Suna motsi kaɗan, ƙarfi ne babu. Da ya warke ya koma filin, sai ya tarar ba ya iya jan kunamar bindigar. Ya gwada da hagu, fentin yana tafiya inda ya ga dama. Ranar ya dawo da kayansa tsaf, ko ɗigon fenti babu. Ban taɓa baƙin cikin ganin wanki ya ragu ba sai ranar.

Daga nan Lahadi ta zama ranar zaman gida. Ni mai son a zauna a gida ce, amma ba irin wannan zaman ba. Sai ya kafa kujera a bakin taga, ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya. In na yi magana ya ce "uhm." Ni kuwa da surutu, in ba a amsa min ba sai in ji kamar an rufe ni a tulu.

Yana da wani aboki ɗan Maraɗi mai sayen kayan sola, ƙungiyarsu ɗaya a wasan. Shi ya zo mana wata Lahadi da azahar, ya cinye min rabin tukunya, sannan ya wanke hannu ya juya ga maigidan.

"Bakano, tashi ka ji. Gasa na tahe bayan Sallah. Shugaban ƙungiya ya ce in ba ka dawo ba, wurinka wani ɗalibi za a ba. Kuma ɗalibin na da gudu, ba irin naka na masu cin tuwo ba."

"A ba shi mana. Ni da wane yatsa?"

"Mi ya samu yatsan? Ba shi motsi?"

"Yana motsi. Ja ne ba ya yi."

"Bon. To ka bar iska ta ja maka."

Na fito daga kicin da ludayi a hannu don in ji yadda iska ke jan abu. Ashe akwai bindigogi masu batir waɗanda ko taɓa su ka yi sai su tashi, amma a irin gasar tasu ba a yarda da su ba. Abin da aka yarda da shi, a gyara cikin mariƙin yadda iskar da ke harba fentin ita za ta yi aikin da yatsa ke yi. Ɗan Maraɗin ya ce lawban ya taɓa yi wa wani, kuma ya yarda a cire mariƙin da kunamar kawai a kawo gida, sauran gangar jikin ta zauna a akwati. Na ji yadda maigidan ya ja numfashi, na san maganar ta shiga.

Haka rabin bindiga ya shigo gidana. A motar ɗan Maraɗin aka kawo shi, don ba a shiga jirgin ƙasa na metro da irin wannan, na'urar duba jaka za ta tara maka jama'a. Sauran kayan kuma suka iso a wata 'yar leda wadda ko kuɗin cefane ba za ta ɗauka ba. Da maigidan ya zazzage su a tebur sai wani ya gangara ƙarƙashin kujera, muka shiga nema da tocilar waya. Shi ya sa na ɗauko masa farantin da nake tsintar shinkafa, mai baki a zagaye. Tun daga ranar farantin ya bar hannuna.

Ni dai ban taɓa ganin ƙananan abubuwa masu kyau irin waɗannan ba. Akwai bawul wanda bai fi ƙwallon dabino ba, da ɗan tsinin ƙarfe a kansa. Akwai fistan kamar guntun fensir. Akwai tiyo siriri kamar taliya. Akwai kuma zobban roba baƙaƙe, in ka ɗora ɗaya a kan farce bai rufe rabinsa ba. Na zauna na zuba tagumi ina kallo, ina tunanin wane irin mutum ne ya zauna ya ƙera wannan, kuma da wane irin ido.

"Kin ga da," in ji shi, yana nuna min da tsinken sakace, "yatsa ne ke ture ƙugiyar da ke riƙe da gudumar ciki. Aikin ƙarfi ne. Yanzu yatsa ba abin da zai yi sai sallama. Ya taɓa kan bawul, bawul ya buɗe wa iska ƙofa, iska ta tura fistan, fistan ya bugi ƙugiya."

"To iskar ba za ta fasa wannan 'yar taliyar ba?"

"Za ta fasa mana, in aka sake ta yadda take a matse cikin tulun iskar bindigar. Shi ya sa akwai wannan." Ya ɗaga wani dunƙulen ƙarfe. "Kamar kan tukunyar gas ɗinki ne. Shi ke rage mata hauka."

Rabon da ya yi min magana mai tsawo haka tun kafin asibiti. Na yi ta jefa masa tambayoyi, har da waɗanda na san amsarsu.

Cikin mariƙin ba shi da wurin da kayan za su zauna, sai an rarake shi. Lawban ya ci babban wurin da injinsa, saura kuma maigidan ya dinga gogewa da magagari a gida, da hannun hagu, yana gwadawa yana ƙarawa. Garin ƙarfe ya dinga taruwa a farantin yana walƙiya. Amma in aka zo kan ƙananan kayan, dole sai hannun dama ya taimaka, shi kuwa in ba a murza shi ba ko tsinke ba ya riƙewa. Sai na koma ga abin da na gani a gidanmu. Innata, in babanmu ya dawo daga gona jikinsa ya yi tsami, man zafi take haɗawa da man kaɗanya ta murza masa tana addu'a. Na samo man zafi a kantin magani na ƙasan benenmu, man kaɗanya kuwa dama ba na rabuwa da shi. Kullum kafin ya zauna aiki sai in kama hannun in murza yatsa bayan yatsa, ina tofa masa abin da ya sauwaƙa, har sai sun yi ɗumi sun saki. Sannan ya jawo faranti.

Ranar da aka fara ba shi iska, bayan la'asar ne, ana ruwa. Babu tulun iska a gida, sai ya haɗa famfon ba tayar keke iska da wata 'yar kwalbar ƙarfe, ya ce in taka. Na tattare zane na dinga takawa har allurar ma'aunin famfon ta kai inda yake so. Ya ce, "Tsaya. Ba ni tsinken tsintsiya."

Na zaro masa ɗaya. Ya riƙe shi a hagu, ya kai bakinsa kan kunamar a hankali. Wallahi tsinken ko lanƙwasawa bai yi ba, sai na ji "tsit," sannan "tak," fistan ya yi tsalle ya koma. Na ce, "Subhanallahi, sake!" Ya sake. "Tsit, tak." Tsinken da nake share ƙasa da shi, shi ya motsa ƙarfe. Kuma abin da ya yi aikin ba a ganinsa, iskar ɗakin nan ce da muke shaƙa, ni na tura ta da ƙafata. Na tuna yadda malamar Islamiyyarmu take cewa iska ma baiwar Allah ce, tana tafiya inda aka umarce ta, sai ranar na ga abin da idona a cikin farantin shinkafa.

Sannan ya ajiye tsinken. Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya ɗora shi a kan kunamar. "Tsit, tak." Ya ƙara, ya ƙara, har iskar ta ƙare. Bai dube ni ba, ya ce, "Hajiya, taka." Na taka. Ranar sai da ƙafata ta yi ciwo, amma ban daina takawa ba.

Mai irin wannan aikin kuwa ba ya cewa ya gama. Ya cire sifirin da ke mayar da kunamar ya sa ɗan maganaɗisu, wai ya fi laushi. Ya goge bakin kunamar ya faɗaɗa shi daidai da lanƙwasar yatsansa. Kullum sai ya kwance bawul ɗin ya duba, ya shafa zobban da yatsa ya ji ko sun zauna, ya mayar. Ni ma kullum ina nan da kwalbar mai.

Ba a jima ba sai na ji sautin ya canja. "Tsit" ɗin nan mai kaifi ya koma "fuu," kamar mai mura. "Tak" ɗin yana zuwa a makare, wani lokaci ya ƙi zuwa. Na ga yana danna kunamar da ƙarfi har jijiyar wuyansa tana tashi.

"Yatsan ne," in ji shi. "Baya yake yi."

"Ba yatsan ba ne, Alhaji. Kukan abin ne ya canja."

"Ke dai kina lallashina."

Na zaro tsinken tsintsiya na gwada a gabansa. Tsinken ya lanƙwashe har ya karye, fistan bai motsa ba. Na ce, "Ka gani? Tsinken ma asibiti ya je?" Ya canja zobban ya sa sababbi, abin ya dawo daidai, muka yi murna. Kwana kaɗan ya sake yin nauyi. Ya sake canjawa, ya sake yin nauyi. A karo na ƙarshe ya ture farantin gefe.

"To in ba yatsan ne ya kasa ja ba, hannun ne ya kasa haɗawa. Ko ta ina aka bi, hannun ne."

Sai na yi abin da na iya, na ƙara yawan man, na ƙara tsawon murzar.

Lahadin da shugaban ƙungiyar zai yanke magana, maigidan ya naɗe mariƙin a tawul ya ce zai mayar wa lawban, ya gaya musu su ba ɗalibin wurin. Na murza masa hannu kamar kullum. Sannan na shiga ɗaki na sa hijabi na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Inda za ka."

Ya dube ni sama da ƙasa. Da muka sauka, ɗan Maraɗin ya leƙo ta tagar mota ya dafe kai. "La ilaha illallahu! Hajiya ta hito! Bakano, duba sama, ko rana ta hudo daga yamma."

"Ka ja mota, malam, kafin in fasa."

Filin yana can bayan masana'antu, an kewaye shi da raga mai tsawo. A gefe akwai wani ɗan ɗaki cike da tulunan iska da akwatunan ƙarfe, nan muka sami lawban, tsoho siriri da tabarau a kan hanci da gorar shayi a gefensa. Na ce masa nihaw, ya amsa da fara'a ya jawo min kujera. Maigidan ya miƙa masa tawul ɗin yana bayani da ɗan Chanancinsa na sito.

Tsohon ya warware tawul ɗin. Bai ɗauki sukundireba ba. Ya kai mariƙin hancinsa ya shinshina. Ya ɗaga kai, ya kamo hannun maigidan, shi ma ya shinshina. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya zura hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba, irin tawa sak, ya nuna gwiwarsa yana gyaɗa kai. Sannan ya kwance bawul ɗin da sauri, ya zaro zoben roba, ya ajiye shi kusa da sabo a kan farar takarda. Namu ya kumbura ya yi laushi kamar waken da ya kwana a ruwa. Ya nuna kwalbar ya nuna gwiwa, ya ɗaga babban yatsa. Ya nuna kwalbar ya nuna robar, ya kaɗa hannu alamar a'a. "Meyo! Meyo!"

Maigidan ya juyo a hankali. "Wai man zafi ne. Yana shiga robar ta kumbura, sai ta cije tsinin bawul ɗin."

Ɗan Maraɗin ya zauna a kan akwati yana riƙe ciki. "Wayyo Allah! Hajiya ta yi wa bindiga tausa!"

"Ni hannun mijina na yi wa. Shi ya kai mata."

Muka yi dariya har da lawban da bai ji me muka ce ba. Ni dai a raina mamaki ne ya cika ni, yadda abu ɗaya zai saki jijiyar mutum ya kuma ɗaure roba, kowa da abin da aka halitta masa. Maigidan ne kawai bai yi dariya sosai ba. Yana ta juya hannunsa yana kallo. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe ba shi ba ne."

Lawban ya sa shi ya wanke hannu da sabulu har sai da ƙamshin ya tafi. Da yatsun suka fara sandarewa, sai tsohon ya zuba ruwan ɗumi a kwano ya ce ya tsoma. Sannan ya ba shi ɗan hantsaki da sababbin zobba da wani farin mai na musamman, ya koma gefe ya rungume hannu. Bai taɓa masa komai ba. Maigidan ya daɗe yana fama, zobe ɗaya ya kuɓuce sau da yawa, ni kuwa ina ta salati a zuci. A ƙarshe zoben ya zauna.

Aka buɗe akwati aka fito da gangar jikin. Ranar na fara ganin bindigar gaba ɗayanta, ruwan goro tana sheƙi, ga mariƙin da ya sha kwana a farantina ya shige wurinsa kamar bai taɓa barin gida ba. Aka ɗaura tulun iska, ya yi ɗan huci ya yi shiru. Lawban ya ba ni abin rufe fuska na ɗora a kan hijabi, muka fita wurin gwaji. Maigidan ya saita wani allo. Ban ma ga yatsan ya motsa ba, sai ga fenti ruwan ɗorawa ya fashe a tsakiyar allon, wani ya bi shi, wani ya bi shi, kamar ana yaryaɗa ƙwai.

Shugaban ƙungiyar, wani matashin ɗan Chana mai faɗin kafaɗa, ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce a shiga zagaye ɗaya a gani.

Na tsaya a bayan raga na riƙe ta da hannu biyu. Aka busa usur, wuri ya kaure. Duk sun rufe fuska, ban san wane ne wane ba, amma a cikin rugugin nan ina jin bindigar maigidan daban, da ɗan "tsit" ɗinta kafin kowane harbi. Na bi sautin da ido, sai ga shi can ya durƙusa a bayan buhun iska, mutumin da ya yi watanni a bakin taga. Ya leƙa, ya saki harbi, wani daga can ɓangaren ya ɗaga hannu ya fita. Na yi guɗa ban sani ba, har lawban ya zabura. Maigidan ya taso da gudu zai canja maɓoya, sai fenti ya fashe masa a kafaɗa. Ya ɗaga bindigar sama ya fito.

Da aka gama zagayen, shugaban ya same shi suka yi magana, ya dafa shi a kafaɗar da babu fenti. Ɗan Maraɗin ya ɗago min hannu daga nesa yana ihu, "Wurinshi na nan, Hajiya! Ɗalibi sai benci!"

Maigidan ya zo bakin raga yana haki, ya ɗage abin fuskar zuwa goshi, gumi yana bin gemunsa.

"Hajiya, kin ga na fitar da mutum?"

"Na ga an fitar da kai."

"Kafin nan fa? Kafin nan ba ki gani ba? Yana leƙowa ta hagu, ni kuwa dama na san..."

Aka busa usur na zagaye na biyu. Ya ja abin fuskar ƙasa, ya juya da gudu bai ƙarasa maganar ba. Na koma kan kujera, lawban ya tsiyayo min shayi a murfin gorarsa, na ce masa shiyeshiye, wato na gode, na karɓa da hannu biyu.